Allurar Tsakar Dare a Ɗakin Masu Taɓin Hankali

Duk iyalin da suka taɓa ɗauko ɗansu daga Zuru, ko Ribah, ko Dirin Daji zuwa asibitin ƙwaƙwalwa sun san yadda tafiyar take. Shatar mota ake yi, ƙarti biyu su sa shi a tsakiya, wani sa'in har da rawani ɗaure a hannunsa, a kwashe sa'o'i a hanya kafin a isa Kware, inda asibitin tarayya da mutanen Sakkwato, Kebbi da Zamfara suka dogara da shi yake. Da an sauka, roƙon uwa ɗaya ne: don Allah a yi masa allura ya samu barci.

Roƙon yana kan hanya. Wanda ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana jin muryoyi na yi masa barazana, yana dukan bango har hannu ya fashe, allura rahama ce gare shi. Kafin 1952, lokacin da likitocin asibitin Sainte-Anne na birnin Paris suka fara ba masu irin wannan ciwo maganin da aka sani da Largactil, igiya da ɗakin kulle suna cikin abubuwan da aka fi dogara da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an kwantar da mara lafiya a ɗakin masu tsananin ciwo. A katin magani akwai wanda ake ba shi safe da yamma, a kan lokaci. Akwai kuma layin da likita ke rubuta haruffa uku a gabansa, PRN, gajarcen kalmomin Latin da ke nufin a bayar in buƙata ta taso. Likita ya rubuta da rana ya tafi. Wanda zai yanke hukuncin cewa buƙatar ta taso shi ne ma'aikacin jinya, ƙarfe biyun dare, a gajiye, da ɗaki cike da marasa lafiya a wuyansa.

Wannan al'ada ta game asibitocin duniya, amma hujjar da ta tsaya a kai siririya ce. A 2015 masana na ƙungiyar Cochrane sun nemi gwajin kimiyya ko guda ɗaya da ya auna bayar da maganin ƙwaƙwalwa "in ya tashi" da bayar da shi a kan lokaci, ba su samu ba. Abin da aka gwada sosai shi ne wace allura ta fi dacewa a lokacin gaggawa, kuma a ƙasashe masu cunkoson asibiti irin namu aka yi: Rio de Janeiro ta Brazil a 2003, da Vellore ta Indiya a 2004. Can aka ga haɗin haloperidol da promethazine yana kwantar da mutum da sauri. Wani gwajin Brazil da aka wallafa a 2007 ma sai da aka tsayar da shi kafin lokaci, saboda waɗanda aka yi wa haloperidol zalla jijiyoyinsu na ta ɗaurewa.

Wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. Wuya ya murɗe gefe guda, idanu su kafe sama, harshe ya fito, miyau na dalala. Mai jinya da ke zaune a gefen gado sai ta tafa hannu ta ce iska ce ta dawo, a fara shawarar komawa wajen mai magani. Alhali allurar jiya ce ta jawo, kuma akwai maganin da ke warware shi cikin ɗan lokaci in an gane.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyewa. Irin waɗannan magunguna kan sa mutum ya kasa zama wuri ɗaya: ya zauna, ya miƙe, ya yi ta kai da komowa, ƙafafunsa kamar ana tsikara. Shi kansa ba ya iya bayyana abin da yake ji. Wanda bai lura ba sai ya ce ciwo ne ya tashi, ya ƙara masa wata allurar daga maganin da ya haddasa matsalar. Haka ake tara allura kan allura har adadin yini ya wuce ƙa'ida ba tare da wani ya yi niyya ba.

A yankinmu akwai ƙarin haɗari. Sau da yawa kafin mota ta bar gida, mai kemis ya riga ya yi wa yaron allurar diazepam don a samu a iya tafiya da shi, iyali kuma su manta, ko su ji nauyin faɗa wa likita. Wani yana da tiramadol ko kodin ko giya a jikinsa. Wani ya yini cikin zafin bazara bai sha ruwa ba. A ɗora wa irin wannan jiki Largactil, jini na iya faɗuwa. A ɗora masa wani maganin barcin, numfashi na iya yin ƙasa, mutane na ganin barci yake yi mai daɗi.

Ba wanda ya san aikin da zai ɗora laifin duka a kan ma'aikatan jinya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kaya zuwa Ingila da Saudiyya. Amma ƙarancin ma'aikata bai halatta a mai da sirinji mari ba. Ƙasar nan ta ji kunya a 2019, da aka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma a Nuwamban shekarar rahoton Human Rights Watch ya nuna ɗaure marasa lafiya da ɗura musu magani dole har a cibiyoyin gwamnati. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince cewa mai taɓin hankali yana da haƙƙi da mutunci. Mutumin da aka bugar da magani don ɗaki ya yi shiru an tauye masa wannan haƙƙi, ko da ba a ji ƙarar ƙarfe ba.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2015 ta ce kada a riƙa rubuta PRN ga kowa da zarar an kwantar da shi. In an rubuta, a faɗi dalili, da tazarar lokaci, da iyakar abin da za a bayar a yini, a kuma sake dubawa aƙalla mako-mako. Bayan allurar gaggawa a riƙa auna bugun zuciya, jini, numfashi da zafin jiki duk sa'a, in ya yi barci ko yana da ƙwaya a jiki kuwa, duk minti 15. Biro, agogo da na'urar awon jini ke nan.

Kafin sirinji kuma akwai tambaya: me ya tayar da shi? Yunwa ce, ƙishi, ciwon haƙori, ko tsoro? Dattijon Dabai da ciwo ya kwance masa Hausa, in aka samu mai yi masa magana da Dakarci, rabin faɗan ya ƙare. Matar da ta tsere wa 'yan bindiga a Danko-Wasagu, in maza huɗu suka danne ta cikin duhu, daren harin aka dawo mata da shi. Tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa zaman dangi kusa da mara lafiya yana cikin magani.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Kebbi ta ƙarfafa babban asibitin Zuru da ma'aikatan jinya masu horon ƙwaƙwalwa, don a tari ciwo tun bai kai ga shatar mota ba, ta kuma wajabta rubuta kowace allurar gaggawa da dalilinta. Iyalai su ma su buɗe baki. A faɗa wa likita duk abin da aka yi wa yaro a gida, a tambayi sunan allurar da za a yi masa, sau nawa aka yi yau, da wanda zai leƙo shi bayan ya yi barci.