Ƙuri'a a Waya, Iko a Kujerar Naƙi

Tun da aka watse daga taron makomar duniya a New York a Satumban 2024, aka amince da yarjejeniyar nan ta fasahar zamani, 'yan bokonmu suka samu sabuwar waƙa: wai intanet za ta ba talaka bakin magana a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka latsa waya daga Ƙauran Namoda, Sakatare-Janar ya ji ka. Madalla!

To ai mun taɓa latsawa. Gabanin 2015 an yi ƙuri'ar MY World, mutum sama da miliyan 9 suka faɗi damuwarsu: ilimi, asibiti, aikin yi. Da Majalisar ta cika shekara 75 a 2020 aka sake wata. An buga rahoto mai sheƙi, an tafa. Wacce daga cikinsu ta hana Amurka hawa kujerar naƙi kan tsagaita wuta a Gaza, ko Rasha kan Yukiren?

Iko na nan inda aka ajiye shi tun 1945, hannun ƙasashe biyar. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya ma, manyan shawarwari sai da kashi 85 na ƙuri'u, Amurka kuwa ita kaɗai na riƙe da sama da 16. Afirka ta nemi kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Sulhu tun a taron Ezulwini, 2005. Bayan shekara 19 Amurka ta ce ta yarda, amma ban da ikon naƙi. Kujera babu ƙafa ke nan.

Za su ce sannu ba ta hana zuwa. Su je su gaya wa ɗan Zamfara da aka katse wa layin waya a Satumban 2021. Da me zai jefa ƙuri'ar tasa? Ni nan da nake birni, data ta wata guda ba ta kai ni mako biyu, kuma kullum sai an ce laifin wayata ne.

Abin da ya fi cin raina, waɗannan masu wa'azin su ne suka yi ta guɗa a 2011 da Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 kan Libiya, har da ƙuri'ar Najeriya a ciki. Babu wanda ya turo wa mutanen Agadez ko Gao fom su cike kafin a fara ruwan bama-bamai a Libiya. Makaman Gaddafi ne kawai suka iso musu, a bayan Hilux.