Gwanjon Matattun Kuɗi: Wace Takarda Ce Haja, Wace Ce Kuɗi?

Akwai wani ciniki da ya kunno kai a zamanin nan, wanda ya kamata malamai da attajiran Birnin Kano su dube shi tun da wuri, watau cinikin tsofaffin takardun kuɗi ta hanyar gwanjo a intanet. Takardar da banki ya kashe tun shekara hamsin, wadda mai tebur ba zai ba da ko ƙwayar ashana a kanta ba, ita ce yau wani a London ko a Dallas ta Amurka zai kwana yana taya ta, wani na ƙarawa, har ta kai abin da ba ta taɓa kaiwa ba sa'ad da ta ke da rai. Abin kuwa ya shafi cikin gari ƙwarai, gama ba a rasa irin waɗannan takardu a tsofaffin gidajen fatake na Koki da Dala da Bakin Zuwo da Sharifai. Galibi ranar rabon gado a ke ganinsu. A buɗe adaka, sai ga su a ƙarƙashin rawani, ko cikin gafaka tsakanin ganyen littafi. Sai a ce tarkace ne, a miƙa wa yara, ko a sallama wa dillalin kayan tarihi a kan abin da bai kai kuɗin goro ba.

Mutuwar kuɗi ba baƙuwar aba ba ce ga mutanen Kano. Sa'ad da Baturen nan Barth ya sauka garin a 1851, wuri 2,500 a ke canjawa da dalar azurfa guda a Kasuwar Kurmi. Turawa suka zo suka kashe wuri, suka kawo anini mai huji da kwabo da sule. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, ta fara fitar da takardu a 1916, kuɗi ɗaya tun daga Gambiya har Nijeriya, da baƙaƙen Larabci a bayansu don mai karatun allo ya san abin da ya riƙa. Manoman gyada ba su amince da takardar ba da farko, don wuta na cinta, gara na cinta, ba ta kuma bisnuwa a tukunya. Shi kansa Alhasan Ɗantata, da ya buɗe ajiya a banki a 1929, azurfa ya kai a kan raƙuma ashirin. Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da nasa fam. A Janairun 1968, cikin yaƙin basasa, aka sake su. A 1973 fam ya kau, naira ta zo, fam guda naira biyu. A Afrilun 1984 aka sauya launin takardu, aka rufe iyakar ƙasa, aka ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su kai nasu banki. Ko wace sauyi daga cikin waɗannan ta bar wani da ƙunshin takardu a hannu, ko don yana kan hanyar fatauci, ko don labari bai iske shi ba. Asarar kakanni ita ce jikoki ke tsinta yau.

Har wa yau akwai abin da alhazan dauri suka komo da shi. A 1953 hukumar kuɗin Saudiyya ta buga wasu takardu da a ke kira rasiɗin alhazai, don a rage wa mahajjata nauyin riyal na azurfa. An janye su tun cikin shekarun 1960, masu tara tsofaffin kuɗi kuwa suna nemansu.

Yadda a ke gwanjon ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san dillanci. Mai takarda ya kai ta wani gidan gwanjo, kamar Spink na London wanda a ke ƙirga asalinsa daga 1666, ko Heritage na Amurka, ko kuwa ya ɗora hotonta da kansa a eBay. A sa ranar rufewa. Ko wa ya taya daga inda ya ke, wanda ya fi tayi sa'ad da lokaci ya cika shi ya saya. Manyan gidajen na cire la'ada daga mai sayarwa, su kuma ɗora wa mai saye tasa la'adar, wadda kan kai kashi ashirin cikin ɗari ko fiye. Abu biyu ke yanka kuɗin takarda: ƙarancinta a duniya da lafiyar jikinta. Akwai ma kamfanoni, irin su PMG, da ba su da aiki sai duba takarda, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta cikin leda mai hatimi. Ninki guda a tsakiya, ko hujin allura, ko tabon manja, sai daraja ta zube. A Janairun 2014 an sayar da wata takardar dala dubu ta Amurka, bugun 1890, a kan dala miliyan 3 da dubu 290.

Amma kada wannan adadi ya ruɗi kowa. Mafi yawan abin da ke cikin adakun Kano ba zai sayi ko tunkiya ba. Naira guda mai hoton Herbert Macaulay an buga ta ba iyaka, fam guda na Biyafara ma ya yi yawa a hannun masu tarawa, balle wadda ta sha gumi a lalita. Waɗanda a ke rububinsu su ne irin bugun farko na Hukumar Afirka ta Yamma, da na gaggawa da Gwamnati ta buga a Ikko a 1918 saboda ƙarancin azurfa, da waɗanda aka yi kuskure a bugunsu. Sai dai magaji ba zai san wace ce a hannunsa ba in bai bincika ba.

To, ga inda mas'alar ta ke. Shari'a ta hana a sayar da zinariya da zinariya, ko azurfa da azurfa, sai daidai wa daida kuma hannu da hannu. Abin da aka ruwaito daga Imamu Malik a Mudawwana ya nuna ba ƙarfen kaɗai ya duba ba, ya duba abin da mutane suka mai da shi kuɗi a tsakaninsu, ko da fata ce. A kan wannan hanya Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a 1986 cewa takardar kuɗi tana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa wajen riba da zakka. Hausa ta haɗa kalma biyu a baki ɗaya, ribar ciniki da Allah ya halatta da riba wadda ya haramta, ga shi kuwa a wannan kasuwa tsakaninsu bai wuce kaurin takarda ba.

Takardar da hukuma ta kashe, mutane suka daina karɓa, ta fita daga hukuncin kuɗi ta koma haja, kamar tsohon takobi ko tandu. Fam na 1959 ba fam ba ne yau. Wanda ya sayar da shi naira dubu ɗari, ko ajali aka yi, bai ci riba ba. Wannan shi ne abin da mafi yawan masu fatawa na zamani suka tafi a kai, hujjarsu kuwa a fili ta ke.

Takarda mai rai ita ce wurin zamewa. Masu tarawa suna son sabuwar naira dubu mai lamba ta ban mamaki, kamar wadda lambobinta duk bakwai ne, su biya ninkin abin da aka rubuta a kanta. Naira dubu da naira dubu biyar, jinsi ɗaya da fifiko: wannan riba ce, kyan lamba bai canja ta ba, kamar yadda kyan ƙira bai halatta fifiko tsakanin mundaye da ɗanyar azurfa ba. Wani zai ce, to, a sayar da ita da dala mana, tun da jinsi ya saɓa. Gaskiya ne fifiko ya halatta a nan, 'yan canjin Wapa a kansa su ke zaune. Amma sharaɗin hannu da hannu yana nan. Ɗan canji na ƙirga maka kafin ka ɗaga ƙafa, gwanjon intanet kuwa kuɗi su tafi yau, takarda ta biyo gidan waya bayan mako biyu ko uku. Wannan jinkiri shi ke ɓata cinikin. Ga kuma dokar ƙasa: sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya hana tallan naira da cinikinta, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira dubu 50 ba, ko duka biyu.

Akwai kuma takardun da ba su mutu ba ba su yi rai ba. Bankin Ingila har gobe yana canja tsofaffin takardunsa da ya janye, Amurka kuwa ba ta kashe dalarta, har waccan ta 1890 dala dubu ce a idon doka. A nan malamai na da abin tattaunawa, ko doka za a duba ko al'adar kasuwa. Wanda ya tsaya nesa da shubuha ya huta.

Gwanjo kansa halal ne, ba ya shiga hanin tayi a kan tayin ɗan'uwa, don wancan hani sai bayan mai kaya ya karkata ga mai saye. Abin da ya haramta shi ne najashu, mutum ya sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi ba da nufin saye ba. A kasuwar ido da ido a kan gane mai yin haka, amma a intanet mutum guda na iya shiga da suna uku. Haka wanke takarda da goge ta da dutsen guga don ninki ya ɓuya algus ne, ƙwararru kuma suna gane shi su karya kuɗinta. Wanda ya same ta, ya bar ta yadda ta ke.

Mafi nauyi duka shi ne hakkin marayu. In takarda haja ce, to, dukiya ce, tana cikin tarika, ba ta halatta a kyautar ko a sallama da ka kafin a san ƙimarta. Wasiyyi ko mai rabon gado ya ƙirga ta, ya rubuta shekararta da lambarta, ya sa wani yaro mai ilmin waya ya duba nawa aka sayar da irinta, ba nawa a ke nema ba, gama tsakanin kuɗin kira da kuɗin sallama akwai tafiya. Dillalin da ya san abin da ya gani, ya ce wa gwauruwa takardar banza ce, ya san sunan abin da ya ci.

Saura waɗanda ke tara naira mai Ajami. A 2007 aka cire Ajami daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma aka fito da naira ɗari ta cikar Nijeriya shekara ɗari babu shi. Don haka wasu suka fara adana tsofaffin, suna jiran ranar da za su yi tsada. Adanawa ba laifi, wajen sayarwa ne za a duba ko wace tana raye. Tsofaffin naira 200 da 500 da 1,000 da aka so kashewa a farkon 2023, har mutane suka sayi tsabar kuɗi da ƙari a bakin banki, Kotun Ƙoli ta raya su a watan Maris, ta kuma ɗage wa'adinsu a Nuwamba na shekarar ba tare da sa rana ba. Muddin mai shayi na karɓar naira ɗari biyu mai hoton Sardauna, ɗari biyu ce, ko da lambarta ta fi ta kowa kyau.