Sallar da Sayyidina Umar Ya Ƙi Yi

Kullum da asuba, kafin tsohon birnin Ƙudus ya farka, akan buɗe ƙofar cocin da Larabawa ke kira Kanisatul Ƙiyama. Nan ne Kiristoci suka yi imani an gicciye Yesu, aka binne shi, ya kuma tashi, don haka ba su da wurin da ya fi shi daraja a bayan ƙasa. Amma mabuɗin ƙofar ba ya hannun bishop ko fada. Gidaje biyu na Musulmi ke riƙe da wannan amana: gidan Juda ke ajiye mabuɗin, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa. Daga ciki ake miƙo tsani ta wata 'yar taga a jikin ƙyauren, mai buɗewa ya taka ya kai ga kwaɗon sama. Ana danganta wannan gado da zamanin Salahuddinil Ayyubi, wanda ya karɓi birnin a 1187. Ɗarikun Kirista shida ke ibada a cocin, Girkawa da Katolika da Armeniyawa da Kibɗawa da Habashawa da Suryaniyawa, kuma an sha samun saɓani tsakaninsu a kan wane ke da iko da wane sashe. Mabuɗi a hannun wanda ba ya neman ko taki ɗaya na ɗakin ya fi kwantar wa kowa da hankali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗannan Musulmi ba su yarda da abin da aka gina cocin a kansa ba. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, balle a ce ga kabarinsa. Duk da haka, kaka da kakanni suna sammakon buɗe wa maƙwabtansu ƙofa su shiga su yi ibadar da su ba za su taɓa yi ba. Ba su sayar da aƙidarsu ba, ba a kuma nemi su sayar ba.

Daura da ƙofar cocin akwai masallacin da ake kira Masallacin Umar, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 12 don tunawa da wani abu da masu tarihi suka ruwaito, ciki har da Ibn Khaldun da kuma Sa'idu bn Baɗriƙ, wani shugaban Kiristoci na Iskandariyya. Lokacin da Sayyidina Umar ya zo karɓar birnin wajen shekarar 637, babban limamin Kiristoci, Safroniyus, ya zagaya da shi cikin cocin. Lokacin salla ya yi, mai masauki ya ce masa ya yi a nan. Umar ya ƙi, ya fita waje ya yi sallarsa. Dalilin da ya bayar ba wai wurin ba shi da tsarki ba ne. Tsoronsa kada Musulmin da za su zo bayansa su ce "nan Umar ya yi salla", su ƙwace cocin.

Mutumin da birni ya miƙa wa wuya, rundunarsa na tsaye a waje, babu mai iya ce masa kul, shi ne ya hango ɓarnar da raka'o'insa za su iya jawo wa marasa ƙarfi bayan ransa, ya kame kansa. A ganina duk maganar wuraren ibadar da addinai biyu ke da rabo a cikinsu a nan take tsayawa. Mara ƙarfi dole ce ke sa shi haƙuri, ba a yaba masa. Halin mai ƙarfi ake dubawa.

Kuma a wannan ma'auni kowane ɓangare ya taɓa faɗuwa. Babban masallacin Kurɗuba, wanda Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ya koma coci a 1236 bayan Sarki Fardinan na uku ya ci garin, daga baya aka dasa katafaren ɗakin sujada na Katolika a tsakiyarsa. Har yau ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, kuma a 2010 wasu baƙi Musulmi da suka gwada sai da aka yi hatsaniya da masu gadi. Wannan yana yi mana zafi, kuma zafin halas ne. To amma Aya Sofiya ta Santambul fa? An kammala ta a 537 a matsayin coci, ta shafe kusan shekara ɗari tara a haka, ta zama masallaci a 1453, gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan a ranar 24 ga Yuli, 2020 aka sake tsayar da sallar Juma'a a cikinta. Na ga yadda da yawa daga cikinmu suka yi ta kabbara a lokacin. Ban ce Turkawa ba su da hujjarsu ta doka ba. Abin da nake tambaya shi ne, mu nawa muka tsaya muka tuna cewa ƙunar da muke ji in an ambaci Kurɗuba ita ce Kiristan Girka ya ji a wannan rana? Wanda ya san zafin ƙaya a ƙafarsa bai kamata ya yi guɗa don ta soki wani ba.

Akwai inda aka yi abin da ya fi haka kyau. A Dimashƙ, bayan Musulmi sun shiga garin, an ɗauki shekaru kusan saba'in suna salla a wani sashe na harabar cocin Yohanna Mai Baftisma, Kiristoci kuma na ibadarsu. Daga baya Halifa Walid ya rushe cocin ya gina Masallacin Umayyawa, kuma ba zan ɓoye ba, wannan ma hukuncin mai ƙarfi ne. Amma hubbaren da ake dangantawa da Annabi Yahya, wato Yohanna, yana nan a tsakiyar masallacin, Musulmi da Kirista duk suna ziyarta. A gabansa Fafaroma John Paul na biyu ya tsaya a watan Mayun 2001, Fafaroma na farko da ya shiga masallaci, bayan ya cire takalmansa kamar kowa. Bai nemi a ba shi wurin yin hidimar coci ba. Ya shiga a baƙo, ya fita a baƙo.

Wannan ladabin baƙunta shi ne mutanenmu kan kasa rarrabewa da haɗa addini. Da an ga malami a coci ko fasto a harabar masallaci sai a fara gunaguni, wai an tashi narkar da addinai su zama ɗaya. A 2019, Babban Limamin Gana, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya halarci taron Ista a cocin Katolika ta Christ the King da ke Akra, yana cikin bikin cikarsa shekara ɗari. Wasu sun yaba, wasu sun soka. Dattijon ya je ya zauna da rawaninsa, aka karrama shi, ya koma gida yana limamin da yake. Ina girmama malamin da ya ce shi zuciyarsa ba ta natsu da shiga coci lokacin ibada ba, domin malamai sun daɗe da saɓani a kan haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ziyarar maƙwabci ridda, alhali littattafan sira sun ruwaito cewa a cikin masallacinsa Manzon Allah (SAW) ya karɓi tawagar Kiristocin Najran, kuma aya ta 40 ta Suratul Hajji ta lissafa majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah ke karewa daga rushewa.

Ranar da ake buƙatar wannan sanayya ba ta yin sallama. A watan Yunin 2018, da mahara suka auka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Kiristoci masu gudun ceton rai sun nufi Nghar Yelwa. Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara tamanin da 'yan kai, ya shigar da mutum fiye da ɗari biyu, wasu cikin gidansa, wasu cikin masallaci. Da maharan suka iso suka ce ya fito da su, ya tsaya musu a gaba yana roƙo, ya ƙi buɗe ƙofar.