Zauren Iyaye: Rumbu Ma Allo Ne

A watan Satumba na 2021, bayan da aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar. Tun kafin wannan, cutar korona ta zaunar da yaranmu gida a 2020. Iyayen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san abin da ya biyo baya: yaron da yake karanta littafi ya koma makaranta yana lalube a kan baƙaƙe. Tun da hanya ba ta gama lafawa ba, ya kamata kowane gida ya shirya.

Darasin rediyo yana da amfani, amma yana da iyaka. Gida ɗaya, ga mai shekara 6, ga mai 10, ga mai 14. Malamin rediyo kuwa aji ɗaya yake koyarwa. Ɗaya yana ji, biyu suna hamma.

Shawarata ita ce a ba su aiki guda wanda kowa zai ɗauki gefensa. Ku ɗauki rumbu. Ƙaramin ya ƙirga dammunan gero da aka shigar, yana jan layi da gawayi a bango. Na tsakiya ya tsaya wurin sussuka, ya auna tiya nawa dami ɗaya ya bayar, ya sake gwadawa da dami uku, gama dammuna ba su zama daidai. Babbar kuma ta tambayi uwa tiya nawa ake ci a rana, ta lissafta watan da hatsin zai ƙare. Daga nan ta rubuta wa malaminsu wasiƙa, da Hausa da Turanci, ta bayyana yadda suka yi. Ga ƙirga, ga awo, ga rabawa, ga rubutu, duk a tsakar gida, ba wanda ya je gona mai nisa.

In akwai tsoho a gidan, su zauna su tambaye shi labarin jirgin ƙasa, wanda ya iso Kaura a 1929, da irin gyaɗar da ake lodawa a tasha. Na tsakiya ya rubuta, ƙaramin ya zana jirgin.

Na sani waɗansu magidanta ba su so yara su san abin da ke cikin rumbu. To, a yi da akurkin kaji ko da itacen girki. Amma kada a sakar wa babbar yarinya dukan aikin, ta zama malama da ƙarfi da yaji alhali ita ma ɗaliba ce.

Littafin aikin kuwa lalle ya kai hannun malami. A ba amintaccen mutum mai shiga gari ya kai, malam ya duba, ya rubuta tambaya ɗaya ga kowane yaro da sunansa, a komo da shi mako mai zuwa.