Uwargida, Kada A Yi Cinikin Biri A Sama



A watan Mayun 2025 kamfanin Disney ya sanar cewa za a gina wurin wasanninsa na bakwai a tsibirin Yas na Abu Dhabi. Tuni masu hasashe suka fara lissafi: otal nawa za a yi? Za a sayar wa iyalai rabon ɗakunan hutu a can?

Tsarin sayar da rabon, wato Disney Vacation Club, ya fara a Florida ta Amurka a 1991. Mutum ya zuba maƙudan kuɗi, a ba shi maki, duk shekara ya kama ɗaki da su. Amma kuɗin kula da gini na wuyansa kowace shekara, ya je ko bai je ba, kuma yakan ƙaru. Yarjejeniyar tana da wa'adi, wasu a 2042 za su ƙare. Wanda ya saya da bashi kuwa, ga kuɗin ruwa.

Don haka idan maigida ya zo da irin wannan zance, ki tambaye shi cikin ladabi: an gama ginin? Nawa ake biya duk shekara? Yaya ake fita? Kada kuɗin makarantar yara ya bi jita-jita.

Allah Ya sa mu dace, amin.