Ciwon dajin Burkitt: a ƙirga maƙaloli, a ƙirga yaran da suka warke

A duniyar masu bincike a yau, in ana son sanin nauyin mutum sai a ƙirga maƙalolin da ya wallafa, sannan a duba sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su. A 2005 wani masani a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ke haɗa waɗannan biyun a lamba ɗaya. Mu ma a nan, malamin jami'ar da ke neman ƙarin girma a ƙarƙashin hukumar CAMES ya san sai da maƙala. Ni ban ƙi wannan ba, amma labarin Denis Burkitt ya sa nake ganin ma'aunin bai cika ba.

Burkitt likitan tiyata ne ɗan Ireland, mai ido ɗaya, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, a Yuganda. A 1957 aka kawo masa wani yaro muƙamuƙansa sun kumbura, ba a jima ba ya sake ganin wani mai irin wannan kumburi. Ya bi takardun asibiti, a 1958 ya wallafa bayanin yara 38. To, kusan ba wanda ya kula. Da a ce lambar ambato aka duba a lokacin, ai da an ce bai tsinana komai ba.

Bai zauna ba. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka ɗauki tsohuwar mota, suka yi tafiyar kusan kilomita 16,000 a gabashi da kudancin Afirka, asibiti bayan asibiti, suna tambaya. Suka gano cutar ta fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama, inda daga baya aka fahimci nan ne zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A shekarar ne kuma ya yi lacca a Landan, Anthony Epstein na cikin masu saurare. Daga ƙwayoyin ciwon da aka riƙa aikawa daga Kampala, Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairos a 1964, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Akwai namu a wannan aiki. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt, saboda nuna cewa magani yana narkar da wannan ciwo. A Gana, Francis Nkrumah ya yi shekaru yana bincikensa a asibitin Korle Bu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: an rubuta dubban maƙaloli a kan wannan cuta, an san yadda sashen ƙwayar halitta mai suna MYC ke kaucewa daga gurbinsa ya haddasa ta, amma yaron karkara har gobe yana mutuwa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba. Ciwon Burkitt na cikin cututtuka shida da hukumar ta sa a gaba a shirinta na 2018, da burin kai waraka kashi 60 nan da 2030.

Don haka ina kira ga jami'o'i da ma'aikatun lafiya, in za a auna mai bincike, a haɗa da rajistar masu cutar da ya kafa, da ɗaliban da ya horar, da yaran da suka kammala magani. Gwamnati kuma ta ɗauke wa iyaye kuɗin magani, domin da yawa rashin kuɗi ke sa su janye ɗansu a tsakiyar jinya.

Ku kuma iyaye, in kun ga muƙamuƙin yaro ko cikinsa yana kumbura cikin ƴan kwanaki, haƙora suna girgiɗi, kada ku tsaya wajen wanzami ko mai cire haƙori. Ciwon nan yana ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana jin magani in an je da wuri. Ku garzaya asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.