BABUR NA AIKI KO NA KWALISA?

Kaka ta yi. An yanke gero, an cire gyaɗa, wake ya shiga buhu, kuɗi sun soma shiga aljihun manoma. A irin wannan lokaci hirar samari a tashar Birchi da bakin kasuwar Dutsin-Ma takan koma kan abu guda, watau wane babur za a saya. A da zancen bai wuce Boxer ko Jincheng ko Honda ba. Amma yanzu wayar hannu ta kawo wani sabon kwaɗayi. Samari suna ganin hotunan waɗansu babura masu dogayen ƙafafu, da ƙaton tanki, da taya mai kaushi, suna keta rairayi suna ta da ƙura. Sai saurayi ya ce ai wannan ne daidai da hanyar ƙauyensu. Yaron ɗan kasuwa ya ce haka, akawu ya ce haka, har manomi mai iyali ma wani lokaci yakan soma lissafin buhu nawa zai sayar.

To, ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau. Amma kafin a buɗe rumbu ya kamata a tsaya a duba. Kowane manomi ya san bambancin dokin hawan Salla da jakin kai taki gona. Doki ya fi kyau, ya fi gudu, ya fi jan idon mutane. Duk da haka ba a taɓa ganin mai hankali ya sayar da jakinsa ya sayi ingarma domin jigilar taki ba. Maganar babur ma haka ta ke.

Asalin irin wannan babur

Waɗannan babura ba don manomi aka ƙera su ba. Asalinsu tsere ne da yawon buɗe ido. A ƙarshen 1978 aka fara wani tsere daga birnin Paris na Faransa zuwa Dakar ta Senegal, ana ratsa Sahara, har ta ƙasar Nijar. Wanda ya ci na farko a kan babur wani Bafaranshe ne, Cyril Neveu, bisa Yamaha XT500. Daga nan sai masu ƙera babura suka ga kasuwa. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da R80 G/S a 1980. Yamaha ya fito da Ténéré a 1983, sunan kuwa na hamadar nan ne ta arewa maso gabashin Nijar. Honda ya fito da Africa Twin a 1988. Shi tseren ma ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020.

Gaskiya ne suna da abin yabo. Cikinsu ya yi nisa da ƙasa, saboda haka dutse ko kututture ba ya bugun inji. Tayar gaba babba ce, takan haye rami da sauƙi. Sifirin ɗinsu dogo ne, yana shanye gargada. Amma masu hawansu a tsere akwai motoci a bayansu ɗauke da makanikai da kayan gyara. Manomin Birchi kuwa, in babur ya mace masa a bakin korama da magariba, ba mai bin bayansa sai Allah.

Tambaya ta farko: me zai ɗauka?

Babur a ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma abin sufuri ne. Shi ke kai buhun takin zamani mai kilo 50 gona. Shi ke ɗauko injin ban ruwa zuwa fadamun da ke kusa da madatsar Zobe. Shi ke kai tumatir da albasa kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Don haka abin da za a fara dubawa shi ne wurin zama da kariyar baya. Babur na aiki wurin zamansa shimfiɗaɗɗe ne, dogo, kariyarsa ta ƙarfe, ana iya ɗaure buhu da roba ya zauna daram. Na kwalisa kuwa bayansa a ɗage ya ke, ga salansa ta hau sama kusa da inda kaya za su zauna, ga robobi ko'ina. Tsohuwa ko mace mai goyo ba ta iya hawansa sai da wahala.

Ga kuma nauyi. Manyan irin waɗannan sun haura kilo 200 tun ba a ɗora musu kome ba. Ƙananan babura da aka saba da su kuwa kilo ɗari ne da 'yan kai. In ƙarami ya kafe cikin rairayi ko taɓo, mai shi ya sauka ya tura. In babba ya kwanta, sai an nemo mutane. Mai gajeren ƙafa kuma ƙafarsa ba ta kai ƙasa sosai, ga kaya a baya, faɗuwa ba ta da wuya.

Tambaya ta biyu: wa zai gyara?

Wannan ita ce babbar magana. Babur ba ranar sayensa a ke sanin tsadarsa ba, sai ranar da ya lalace. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, da ire-irensa, kowane makaniken bakin titi daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Filogi, da sarƙa, da wayar kuloci, da takalmin birki, duk suna rataye a shago. Injinsu ba shi da rikici. Honda ma da ya ƙera CG125 a 1975, ya yi shi ne musamman domin ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai a kan kari ba, shi ya sa ya yi ƙarko. Kamfanin kuma yana da masana'antar haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun.

Manyan baburan zamani kuwa ba kafireta gare su ba, na'ura ce ke auna musu mai. In ta ɓaci sai an jona kwamfuta kafin a san ciwon. Ba su jure gurɓataccen mai irin wanda akan samu a galan a bakin hanya. Ko tayarsu ba a samunta a kowane shago. Ƙaramin ƙarfe ɗaya ya karye, sai a aika Kano ko Legas, wani lokaci ma sai daga ƙasar waje. Babur yana jingine a zaure, damina tana wucewa, ciyawa tana cin gona.

Akwai kuma waɗansu na tsaka-tsaki da ya kamata a yi hattara da su. Injinsu ƙarami ne irin na kowa, sai dai an yi musu rigar roba da fenti don su yi kama da na tsere, an ƙara kuɗi. Faɗuwa ɗaya robar ta tsage, ba a samun madadinta. Mai saye ya biya kuɗin ado, bai sami ƙarfin da ya ke tsammani ba.

Tambaya ta uku: me zai sha?

Ran 29 ga Mayu 1923 ba kowa ya san fetur a ƙauye ba, amma ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya san shi, gama a ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 a wurare da yawa cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000. Tun daga nan kowace tafiya sai da lissafi. Babban inji ya fi ƙarami shan mai nesa ba kusa ba. Gudun da a ke biyan kuɗinsa kuwa ba inda za a yi shi. A kan kwaltar da ta bi ta Birchi akwai awaki da yara da amalanken shanu. A hanyar gona kuwa wanda ya yi gudu shi zai kwana asibiti.

Tambaya ta huɗu: idon wa zai ja?

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu halin tsaro. Babur na cikin abubuwan da ɓarayin daji suka fi nema, kuma shi ne abin da hukuma ta fi sa wa ido. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan wata doka wadda ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta hana goyon mutum uku a babur ɗaya, ta hana sayar da fetur a jarka. Daga baya an sassauta waɗansu sharuɗɗan, amma darasin yana nan. Wanda zai sayi na hannu lalle ya karɓi rasit na asali, ya duba lambar inji da ta jiki ko sun yi daidai da takarda, a yi ciniki gaban shaidu, ya yi rajista ya sa lamba. Arahar da ba ta da takarda tana iya kai mutum ofishin 'yan sanda. Babur da ya fita dabam da na kowa kuma, daga nesa a ke gane mai shi da lokacin wucewarsa.

Wanda dogon babur ya dace da shi

Kada a ɗauka cewa babur mai dogayen ƙafafu ba shi da amfani sam. Malamin gona, da malamin dabbobi, da ma'aikacin allurar rigakafi, waɗanda kullum suna cikin daji daga wannan ƙauye zuwa wancan, ba da kaya mai nauyi ba, su kam tsawon ƙafa yana taimakonsu da damina. Amma ko su, abin da ya dace da su shi ne ƙarami mai sauƙin inji. Misali Yamaha ya fito da AG100 a 1973 domin makiyayan Ostareliya. An rufe sarƙarsa don kada ƙura da taɓo su ci ta, an sa masa kariya gaba da baya, da jaki hagu da dama. Wannan shi ne babur na daji da aka yi domin aiki. Sai dai shi ma a tambayi makanike tukuna ko ana samun kayansa kusa.

Ga manomi da ɗan kasuwa da akawu kuwa, abin da ya fi shi ne ƙaramin babur da kowa ya sani, a sa masa taya mai ƙarfi, a ƙarfafa kariya, a riƙa juye baƙin mai a kan kari, a wanke soson iska lokacin hunturu, a sayi hular kwano. Da haka zai shiga duk inda dogon zai shiga a wannan ƙasa, ko da a hankali ne.

Lissafin ƙarshe

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi duka. Da kaka hatsi ya fi araha, da bazara ya fi tsada. Wanda ya kwashe rumbu yanzu don babur, ya sayar da araha ke nan, kuma zai sayi abinci da tsada lokacin da a ke neman kuɗin taki da na 'yan ƙodago. Don haka kafin a je shago sai a ware abincin gida na shekara, a ware iri, a ware kuɗin taki. Abin da ya saura shi ne kuɗin babur, kuma cikinsa a bar wani abu domin takardu da gyara. In abin da ya saura bai kai ba, a haƙura sai baɗi. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mai niyyar saye ya tafi da makanikensa, ya tambayi masu haya da suka shekara biyu ko uku a kan irin wanda ya ke so, gama su ne suka san gaskiyarsa, ba mai shago ba. Babur nagari shi ne wanda zai kai taki gona a watan Yuni, ya dawo da amfani gida a watan Nuwamba, mai shi kuma bai ci bashi ba. Allah ya ba da sa'a, ya kai kowa kakar baɗi lafiya.